Lafiya Uwar Jiki: Hawan Jini a Karkara, Maganin da ke Yankewa a Hanya

A wannan mako filin namu zai bar birni ya nufi karkara, domin mu duba wani ciwo da aka daɗe ana jingina wa masu hali, alhali kuwa yana can yana kayar da manoma da matansu ba tare da an ko san sunansa ba. Ciwon nan shi ne hawan jini, wanda mutanen birni suka fi sani da tansiyo.

In ka shiga babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko ka zauna a wani ofishi na Tawa ko Yamai, da wuya ka rasa wanda zai faɗa maka tansiyonsa da ka, 14 ne ko 16, har ya zaro ƙwayar maganinsa daga aljihu ya nuna maka. Shi ya sa da yawa daga cikinmu suke ɗauka cewa ciwon na mai cin maiƙo ne, mai yini bisa kujera, mai kwana da tunanin kayan da suka maƙale a duwan ko albashin da bai faɗo ba. Sukan ce mutumin da ke yini duƙe da hauya, fura ce abincinsa, tafiyarsa duk a ƙasa, ta ina hawan jini zai same shi?

Alƙaluma ba su goyi bayan wannan zato ba. Binciken da ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, a shekarar 2007 ya nuna cewa fiye da mutum ɗaya cikin biyar na manyan Nijar yana da hawan jini. Ƙidayar jama'a ta 2012 kuwa ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na ƴan ƙasa a karkara suke zaune. Ko da a ce ciwon ya fi kama ƴan birni, lissafin nan biyu ya isa ya nuna cewa mafi yawan masu ɗauke da shi suna ƙauye. Rahoton OMS na 2023 ya ƙara da cewa masu hawan jini a duniya sun ninka tsakanin 1990 da 2019, daga miliyan 650 zuwa miliyan 1,300. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba su samun magani yadda ya kamata.

Maganin hawan jini sananne ne, ba shi cikin magunguna masu tsada, kuma ma'aikacin jinya na ƙauye yana iya ba da shi in an koya masa. Abin da ke cutar mutanenmu shi ne yankewa: a auna a nan, a rubuta magani a can, a saye shi a wani gari, ya ƙare bayan wata guda, daga nan babu wanda ya sake tambayar marar lafiya inda ya kwana.

Ciwon da ba ya sallama

Duk wanda ya taɓa ganin injin ban-ruwa a lambunan Jiratawa ko na Ƙonni ya san cewa in ƙarfin ruwa ya yi yawa cikin tiyo, tiyon na yin rauni sannu a hankali har ya fashe a wurin da ya fi laushi, injin kuma ya gaji kafin lokacinsa. Haka zuciya da jijiyoyi suke. In aka auna mutum a ranaku biyu dabam-dabam aka samu 140 bisa 90 ko sama da haka, abin da muke kira 14 da 9, to, yana da hawan jini.

Mugun halin ciwon shi ne mafi yawan masu shi ba su jin komi. Ciwon kai da jiri da ake ta faɗi ba ma'auni ba ne. Wani jininsa na 18 yana huɗa a gona lafiya lau, wani kansa na sarawa alhali jininsa daidai yake. Shekaru ciwon ke yi yana ɓarna a ɓoye, sa'an nan ya fito ta ɗaya daga ƙofofi huɗu: ƙwaƙwalwa, inda yake kawo shanyewar ɓarin jiki, zuciya, wadda ke kumbura ta kasa, mutum ya riƙa haki ƙafafu na kumburi, ƙoda, wadda in ta mutu sai wankin na'ura a manyan asibitoci irin na Lamorde a Yamai ko na Damagaram, sai ido, da ke dushewa.

A ƙauye, ranar da magidanci ya faɗi baki ya karkace, abin da aka fi cewa shi ne iska ta buge shi, ko an yi masa jifa. Kafin a gama shawarar inda za a nufa da shi, kwana biyu sun wuce. In Allah ya yi masa sauran kwana, sai ya koma kwance bisa tabarma cikin zaure, ana ɗaga shi ana kwantarwa. Gonar da yake nomawa ta koma saura, a sayar da bisashe ɗaya bayan ɗaya, matarsa ta bar ƴar sana'arta, a fidda yarinya daga lakkol domin ta taya jinya, ɗan da ya tafi biɗa Najeriya ko Libiya a kira shi ya komo hannu wofi. Mutumin da ake jin maganarsa a fada ya wayi gari ba ya iya yi wa kansa alwala. Wannan shi ne abin da masana ke nufi in suna zancen ingancin rayuwar marar lafiya. Ga manomi ma'anarsa a fili take: ya iya noma gonarsa, ya tsaya cikin sahu ranar Juma'a, ya ci kasuwar mako da ƙafarsa, kada ya zama kaya ga iyalinsa.

Inda igiyar ke tsinkewa

Mu bi sawun mai hawan jini na ƙauye daga farko. Yawanci ba domin hawan jini yake zuwa likita ba. Masassara ce ko ciwon baya ya kawo shi, in an yi dace abin awo na aiki, aka ɗaura masa a hannu aka ga 17. Sai a rubuta masa takardar magani. In babu maganin a ma'ajiyar likitar, sai ranar kasuwa ya ba wani saƙo, ko ya hau amalanke ko kabu-kabu zuwa farmasin babban gari. Ya sha kwana talatin, ya ji garau, ya yi hamdala ya ce ya warke, domin duk ciwon da ya sani a rayuwarsa haka yake: a sha magani, ya tafi. Babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa wannan baƙo ne da ba ya tafiya, sai dai a ɗaure shi kullum.

Ko da an gaya masa, akwai nisa. Alƙaluman ma'aikatar lafiya na shekarun nan suna nuna cewa kusan rabin jama'ar ƙasa suna zaune fiye da kilomita 5 daga gidan likita. Da damina hanya na yankewa, aiki ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa; da rani kuma maza sun tafi cin rani. Wa zai bar noman farko ya yi tafiyar yini guda domin ciwon da ba ya ji a jikinsa?

Abin mamaki shi ne, sunan likitocin namu na karkara ya riga ya yi alƙawarin abin da muke nema. CSI, a Faransanci, ma'anarta cibiyar lafiya wadda ta haɗa komi wuri guda. Kuma gaskiya an haɗa abubuwa da yawa: awon ciki, haihuwa, rigakafin yara, tamowa, masassarar cizon sauro, tarin fuka. Kowanne yana da rajistarsa, da ranarsa, da rahoton da ake aikawa gunduma ƙarshen wata, sau da yawa har da mai ba da tallafi daga waje. Dattijo mai hawan jini shi ne wanda ya faɗa tsakanin teburori, ba shi da rana, ba shi da mai nemansa.

Tarihin tsarin ya bayyana dalili. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa jama'a su riƙa sa hannu cikin kuɗin maganinsu, a 1995 kuma ƙasarmu ta kafa dokar da ta sa marar lafiya ya biya ƙayyadadden kuɗi bisa kowane ciwo da ya kawo shi. Tsarin ya dace da zawo da masassara, masu zuwa su tafi cikin mako guda. Ba a yanka shi domin ciwon shekara ashirin ba. Daga 2001 shirin musamman na shugaba Tanja Mamadu ya gina ƙananan ɗakunan shan magani fiye da 2,000 a ƙauyuka, a 2006 aka yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki. Duk alheri ne, kuma an ceci rayuka masu yawa, sai dai idon tsarin yana kan uwa da ɗa. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun kuma nuna yadda jinkirin baitulmali wajen mayar wa likitoci kuɗin yaran da aka duba kyauta ya bar ma'ajiyoyi da yawa babu magani. Daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin jinya a asibitocinta, ta soke jika 150 da mai wankin ƙoda ke ajiyewa da farko. Sauƙi ne babba. Amma rangwamen kuɗin ganin likita ba shi ke sa ƙwaya cikin ma'ajiya ba, ba shi kuma ke tuna wa manomi ranar komowarsa.

Abin da aka gwada a wasu ƙasashe

Kada a ce mafarki muke yi, bari mu duba inda aka gwada. A yankin tsakiyar Kamaru an koya wa ma'aikatan jinya na likitocin karkara 75 yadda za su kula da hawan jini da ciwon sukari, aka ba su abin awo da magunguna. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna abu biyu. Waɗanda suka ci gaba da zuwa, jininsu ya sauka sosai, wato ma'aikacin jinya ya iya aikin ba sai lokotoro ba. Amma bayan shekara guda, waɗanda suka rage cikin kulawa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sauran sun ɓace. Sai masu aikin suka sake gwaji: a wasu likitoci, wanda ya saɓa ranarsa a aika masa wasiƙar tuni har gida, a wasu kuma, wanda ya riƙa zuwa a kai a kai a yi masa kyautar maganin wata. A 2011 aka ga cewa kowace dabara cikin biyun ta ninka yawan masu tsayawa. Wasiƙa kawai, jama'a, takarda cikin ambulan.

A ƙauyukan Bangaladash da Pakistan da Siri Lanka an yi wani gwaji mai faɗi, da mutum 2,645 a yankunan karkara 30, aka buga shi a 2020. Ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda dama gwamnati ke biya domin kula da mata da yara, aka ɗora musu ziyarar masu hawan jini gida gida kowane wata uku: su auna, su yi nasiha, wanda jininsa bai sauka ba su tura shi ga likitan da aka horar. Bayan shekara biyu jinin waɗannan mutane ya fi na sauran sauka da maki 5 a ma'aunin 140, wato rabin maki a lissafinmu na 14, kuma da aka tambaye su yadda suke jin jikinsu, amsarsu ta fi ta sauran daɗi. Kuɗin aikin bai kai dolar Amurka 11 ga mutum guda a shekara ba. Kada a raina rabin makin nan: manyan bincike sun nuna cewa saukar maki 5 na rage haɗarin shanyewar jiki da ciwon zuciya da wajen kashi 10 cikin 100.

Wane magani ya fi dacewa da baƙar fata, shi ma an amsa. A 2019 wani bincike da Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, da mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ya nuna cewa haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi wanda babu shi saukar da jini. A 2021 kuma OMS ta fito da ƙa'ida a fili: ma'aikacin jinya ko mai farmasi da aka horar, yana bin tsari rubutacce, ana kuma duba aikinsa, yana iya ba da maganin hawan jini, a riƙa ganin marar lafiya wata-wata har jininsa ya daidaita, daga nan kowane wata uku zuwa shida.

Yadda haɗawar za ta kasance a wurinmu

Ba sai an gina sabon ɗaki ko an kawo lokotoro kowane ƙauye ba. Ƙasar nan ta riga ta iya irin wannan aiki. Tun 2013, kowace damina ana bin gida gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin masassara wata-wata. Mai tarin fuka yana da kati da rajista, in ya ɓace ana bin sawunsa. Dabarun nan ne za a ara wa mai hawan jini.

Abu na farko, duk babban da ya shigo likita, ko ƙaya ce ta soke shi, ko jika ya kawo rigakafi, a auna shi. A bar shi ya zauna minti biyar, baya a jingine, hannu daidai ƙirji, kuma a tabbata bai ci goro ko taba ba cikin rabin sa'ar da ta wuce. Wanda aka samu jininsa sama, a ba shi wata rana a sake awo kafin a yanke hukunci.

Na biyu, wanda aka tabbatar yana da shi a buɗe masa layi cikin rajista, a ba shi ɗan littafin nan da muke kira karne, a rubuta awonsa da maganinsa da ranar komowarsa. A zama guda a duba sukarinsa da fitsarinsa, domin hawan jini da ciwon sukari ƴan gida ɗaya ne, ƙoda kuma a fitsari take fara kuka. Kada a sa shi ya yi tafiya uku domin abin da teburi ɗaya zai iya.

Na uku, magani iri biyu ko uku, marasa sunan kamfani, su zauna cikin ma'ajiya kamar yadda maganin masassara ke zaune. Wanda jininsa ya daidaita a ba shi na wata uku, musamman gab da shuka da gab da tafiya cin rani. A kuma tambaye shi yadda maganin ke masa. Amlodifin na iya kumbura idon sawu, kaftofiril na iya kawo busasshen tari, maganin sa fitsari na iya takura mai tafiya kasuwa, wasu mazan kuma na jin rauni wajen iyali su daina sha ba su faɗa wa kowa ba. Duk waɗannan ana iya sauya maganin a huta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na huɗu, ma'aikatan sa-kai na ƙauye, waɗanda ake kira rele, a ba su sunayen masu hawan jinin garinsu. Wanda ya saɓa rana a je a yi masa sallama, ko a buga masa waya tun da yanzu da wuya a rasa salula a gari. Su kuma koya wa jama'a alamomin da ba a jira da su: fuska ta karkace, hannu ya saki, harshe ya sarƙe, ƙirji ya riƙe, ko awo ya kai 18 da 11 tare da matsanancin ciwon kai ko dushewar gani. Wannan na asibitin gunduma ne nan take, dare ko rana. In asibitin ta sallame shi kuma, ta komo da shi da takarda zuwa ga manjon likitar ƙauyensa, domin igiyar ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Mata suna da ƙarin magana. A wurin awon ciki ne kaɗai mafi yawan matan karkara ke haɗuwa da abin awon jini, domin gudun jijjigar nan mai kisa a ƙarshen ciki. Da zarar an yi suna sai a manta da su, alhali macen da jininta ya hau cikin ciki ta fi sauran haɗarin kamuwa da hawan jini daga baya. Ranar da ta kawo jariri rigakafi, ita ma a auna ta. Mai shan maganin hawan jini kuma da ta ga alamar ciki ta faɗa da wuri, domin irin su kaftofiril na cutar ɗan tayi, akwai waɗanda ake ba masu ciki a madadinsu.

Tukunya da tiren mai talla

Rabin jinyar a murhu take. OMS ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, abin da bai cika cokalin shayi ba. Kakanninmu kantun gishirin Bilma suka sani, ana gutsura da tsimi. Yau ga gishirin buhu mai araha, ga dunƙulen miya wanda wajen rabinsa gishiri ne, ana jefa uku ko huɗu a tukunya ɗaya har cikin ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ga kuma kanwa, wadda ita ma sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga jini ne a cikinta, muna sa ta a wake da ɗanwake da miyar kuka da kunu. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta. Al'adarsu da tamu ɗaya ce.

A gidan da ake cin tukunya ɗaya, gaya wa maigida shi kaɗai ya rage gishiri aikin banza ne. Mai riƙe da ludayi ita ce za a zaunar a yi wa bayani, kuma ragin ya shafi kowa, a ƙara daddawa da albasa da kayan yaji a madadin dunƙule. Harshe na sabawa cikin ƴan makonni.

Sai tiren mai tallan magani, wanda ya fi kowace likita kusa da manomi. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen, da ake sha kullum bayan aikin gona, suna ɗaga jini suna kuma cin ƙoda. Ƙwayoyin sa ƙiba da wasu mata ke sha su ma haka. Zoɓo marar sukari an ga yana ɗan rage jini, amma ba ya maye gurbin magani. Wanda ke zuwa wurin malam ko mai sassaƙe, ba a ce ya bar addu'a ba. Abin roƙo shi ne kada a ce masa ya ajiye ƙwayar likita. Da azumi kuma mafi yawan magungunan sau ɗaya ake sha a yini, ana iya mayar da su sahur ko bayan buɗa-baki. A shawarci manjo tun cikin Sha'aban, musamman mai shan maganin sa fitsari a lokacin zafi.

Gare ku ƴan kasuwa da ma'aikata

Mai karatu, ko alhaji ne kai a kasuwa ko ma'aikaci a ofis, da wuya a ce ba ka da uwa ko uba, baffa ko gwaggo a ƙauye. Ranar da aka faɗi, wayarka ce ke fara ƙara, kai ke biyan mota zuwa asibitin jaha, kai ke sayen magani, gidanka ne masauƙin ƴan jinya. Wanda ya taɓa biyan wannan ya san cewa ƙwayar shekara guda ba ta kama ƙafarsa ba. Mun iya kashe kuɗi ranar tashin hankali; abin da ya rage mu koya shi ne kashe kaɗan tun ana zaune lafiya.

In ka je gida da salla, kai tsofaffinka likita a auna su, kai ma ka miƙa hannunka. In an samu ciwon, ka sa kuɗin maganin wata uku cikin abin da kake aikawa, ka damƙa shi hannun wanda zai saya a farmasi ta gaskiya. In ka buga waya, bayan gaisuwar gida da tambayar ruwa, ka tambayi abin da aka rubuta cikin karne da ƙwaya nawa ta rage. Kada kuma ka aika wa tsohonka irin maganin da aka rubuta maka, domin jikinku ba ɗaya ba ne.

Ƙungiyoyin ƴan asalin gari, waɗanda ke haɗa kuɗi su gina masallaci ko su haƙa rijiya, suna iya saya wa likitar garinsu abin awo mai kyau na damtse da batir ɗinsa, su kuma kafa ɗan asusun da zai hana maganin yankewa, a hannun kwamitin kula da likitar, da lissafi a fili. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka soma a jahar Maraɗi a 1991 har duniya ta kwaikwaya, suna taruwa kowane mako. Zama ne da ya dace da awo da maganar gishiri. Limamai da masu gari su ma kalmarsu guda ta fi takardar bango ɗari.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babban ɗauka na hukuma ne. Ma'aikatar lafiya ta sa yawan masu hawan jinin da jininsu ya daidaita cikin abin da ake tambayar kowace CSI, kamar yadda ake tambayarta yaran da aka yi wa rigakafi, domin abin da ba a ƙirgawa ba a kula da shi. Ofishin magunguna na ƙasa, ONPPC, ya tabbatar ƙwayoyin nan ƙalilan sun isa gunduma ba yankewa. A duba kuɗin da mai ciwon dindindin zai riƙa biya, kada a riƙa cajinsa kamar sabon marar lafiya kowane zuwa. Magadan gari kuma su tuna da ɗan alawus ɗin rele cikin kasafinsu, tun da ba a aika mutum gida gida da yunwa. Ku da ke zaune a ofisoshin nan kuna karanta wannan shafi, takardun a teburinku suke bi.

Ranar 17 ga Mayu ta kowace shekara ce ranar hawan jini ta duniya, akan yi jawabi a Yamai, a auna mutane kyauta, a watse. Awon rana guda ba laifi ba ne, sai dai wanda aka gaya wa yana da ciwo aka sallame shi ba magani ba ranar komowa, damuwa kawai aka ƙara masa. Mu riƙa tambaya bayan shekara: cikin waɗanda aka auna bara, nawa ne har yanzu ke shan magani, nawa ne suka yi noman bana da hannunsu?

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.